Labaran ramukan zinaren da suka ɓata: kira ga masana tarihi da marubutan Zamfara da Kebbi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masana tarihi da marubuta na jihohin Zamfara da Kebbi game da wani sashe na tarihinmu wanda kowa yake hirarsa a majalisa, amma ba a cika samun wanda ya zauna ya rubuta shi yadda ya kamata ba, wato labaran ramukan zinare da ake cewa sun ɓata. Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Bukkuyum ko Maru, ko a ƙasar Yauri, ya ji irinsu tun yana yaro. Wani zai ce maka akwai ramin da wani Bature ya tarar da zinare mai ɗimbin yawa a cikinsa, da aka kira shi gida a lokacin yaƙin Hitila sai ya sa aka toshe bakin ramin da duwatsu, ya tafi da taswirarsa bai sake dawowa ba. Wani zai ce wani maharbi ya taɓa tsintar dutse mai ƙyalli a cikin wani kwazazzabo, amma da ya koma da 'yan'uwansa suka nemi wurin sama da ƙasa suka rasa. Akwai kuma masu cewa zinare dukiyar aljanu ce, idan aka ci amana ko aka yi rantsuwar ƙarya a bakin rami sai ya gudu ya bar mutane da ƙasa zalla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga masu ilmi sun kasu gida biyu a kan waɗannan labarai, kuma a ganina kowane gida ya kuskure hanya. Wasu daga cikin malaman tarihi suna ɗaukar su shirme ne da bai cancanci a ɓata takarda a kansa ba. Wasu matasan marubuta kuwa, waɗanda sha'awarsu ga tarihin garuruwansu abin yabawa ce, suna kwaso labarin yadda suka ji shi su zuba a Facebook kamar tabbataccen abu, har da sunan dutse da sunan ƙauye, ba tare da sun tambayi kansu wane ne zai karanta ba, kuma me zai aikata bayan ya karanta. Na farko suna barin tarihi yana bin masu shi kabari, na biyu kuma suna iya jawo wa talakawa bala'i ba tare da sun yi nufi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Labarin Baturen da ya rufe rami ya tafi yana da tushe a cikin abin da ya faru da gaske, kuma wanda ya san wannan tushe ba zai raina labarin ba. An fara lissafa zinaren da ake haƙowa a Nijeriya a hukumance tun 1913, amma harkar ba ta bunƙasa ba sai a shekarun 1930. Dalilin yana can nesa da mu: Ingila ta daina jingina kuɗinta da zinare a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashinsa a 1934 daga dala 20.67 zuwa dala 35 a kan kowace oza. Nan da nan dutsen da ba ya biyan kuɗin haƙarsa ya zama abin nema, Turawa masu neman ma'adinai suka bazu a ƙasashen Minna da Birnin Gwari da Yauri da kudancin Zamfara. Layin dogo ya riga ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka shigo da kayan aiki da fitar da abin da aka samu sun yi sauƙi. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke sai al'amari ya juya, domin abin da gwamnatin mulkin mallaka take buƙata a lokacin kuza ce, har ta kai ga ɗiban mutane da ƙarfi zuwa aikin kuza a ƙasar Jos tsakanin 1942 da 1944, wanda iyayenmu suke kira ɗiban gwamna. Hankali da ma'aikata suka bar zinare. Bayan yaƙin kuma farashinsa na hukuma ya tsaya cik a dala 35 har zuwa 1971, alhali kuɗin lebura da na kayan aiki suna ta hauhawa, don haka babu ribar da za ta dawo da mai rami wurin raminsa. Ke nan an bar ramuka da gaske, Turawa sun tafi da gaske, ciyawa da zaizayar ƙasa sun rufe bakunansu da gaske. Abin da baki ya ƙara a kai shi ne cewa an bar su ne cike da dukiya, alhali mafi yawan lokaci ɗan kasuwa ba ya barin wurin da yake samu.

Hatta maganar cewa zinare yana gudu tana da fassara a wurin masana duwatsu. A yankinmu zinare yana zama ne a cikin siraran layuka na farin dutse da suka ratsa wasu duwatsun, kuma irin wannan layi yakan yi kauri a nan ya sirance a can, wani lokaci ya yanke gaba ɗaya saboda tsagewar ƙasa ta tun fil'azal, ya ci gaba a wani wuri dabam. Mai haƙa da diga da guduma yana bin layi yana samu, rana ɗaya sai ya wayi gari babu komai a gabansa, ko kuwa ruwa ya ɓullo ya cika ramin ya fi ƙarfin guga. Mutumin da ya ga haka da idonsa, kuma ya san cewa kwanan baya abokan aiki sun yi rigima a kan rabo, ba abin mamaki ba ne ya haɗa biyun. Masanin tarihi na ƙwarai ba zai tsaya yi masa gardama ba. Zai rubuta abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗa, domin labarin yana nuna mana yadda masu haƙa suke tsare amana a tsakaninsu a wurin da babu alƙali babu ɗan sanda, sannan ya kawo bayanin masana duwatsu a gefensa, mai karatu ya ga biyun.

Ba mu kaɗai muke da irin waɗannan labarai ba, kuma yana da kyau marubutanmu su san yadda suka kasance a wasu wurare. A jihar Arizona ta Amurka akwai labarin wani Bajamushe mai suna Jacob Waltz wanda ya rasu a 1891, aka ce ya san wani ramin zinare a cikin duwatsun yankin bai faɗa wa kowa wurin ba. Masana tarihin yankin sun bi takardun hukuma sun tabbatar da cewa mutumin ya rayu, amma ramin har yau ba a gan shi ba, kuma mutane sun hallaka wajen nemansa, cikinsu har da wani Adolph Ruth a 1931. A shekarar 1931 ɗin ce kuma wani Harold Lasseter ya mutu a hamadar tsakiyar Ostireliya yana neman wani layin zinare da ya ce ya taɓa gani a ƙuruciyarsa. Rubuce-rubucen da aka yi ta yi a kan waɗannan mutane su suka riƙa hura wutar, kowane sabon littafi ya tura sabbin mutane daji.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Zimbabuwe. A 1871 wani Bajamushe mai suna Karl Mauch ya isa kufan babban birnin duwatsu na ƙasar, ya danganta ginin da Sarauniya Bilkisu, Turawa kuma suka riƙa yaɗa cewa a can ne ma'adinan zinaren Annabi Sulaimanu (AS) suke. Wannan labari ya haifar da ɓarna iri biyu. Masu neman dukiya sun tone kufai da dama a ƙasar, suka narkar da kayan zinaren da suka samu, suka hargitsa shaidar da masu bincike za su dogara da ita. Sannan an shafe shekaru ana hana baƙar fata tarihinsu, ana cewa ba kakanninsu suka yi ginin ba, sai da binciken David Randall-MacIver a 1905 da na Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tabbatar da cewa aikin 'yan ƙasa ne. Mu ma muna da kufai masu daraja, irin su Surame ta Kanta da tsohon Birnin Zamfara da Alƙalawa. Ranar da wani marubuci ya rubuta ba da hujja ba cewa an binne tukwanen zinare a ɗaya daga cikinsu, kuma magana ta yaɗu a wayoyin matasa marasa aikin yi, to diga da shebur za su yi wa wurin abin da ɗaruruwan damuna ba su yi masa ba.

A nan gida kuwa mun riga mun ga abin da zazzaɓin zinare yake iya yi, kuma ba na jin akwai Bazamfaren da zai iya rubutu a kan wannan batu ya tsallake shekarar 2010. Farashin zinare a duniya ya haura dala 1,000 kan kowace oza a 2008, ya ci gaba da hawa, sai manoma suka koma ramuka tsofaffi da sababbi. Dutsen da ake haƙowa a wasu wurare na ƙasar Anka da Bukkuyum yana ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo shi cikin gidaje ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin, ƙura tana sauka a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe, tana shiga abinci da ruwan sha. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa, kuma aka ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne gubar dalma ta kashe, ban da dubbai da aka yi wa magani. Sunayen Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega sun shiga kafafen yaɗa labarai na duniya ta hanyar da ba wanda zai so wa garinsu, Bagega ma ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Daga baya gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda alaƙar da ta ce tana gani tsakanin harkar da ta'addancin 'yan bindiga, ba a ɗage dakatarwar ba sai a Disamban 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya buga sunan wani ƙaramin ƙauye ya ce akwai ɓoyayyen rami a bayansa, ya sani cewa masu karanta shi ba ɗalibai kaɗai ba ne. Mutanen ƙauyen su za su kwana da abin da ya biyo baya, shi kuwa yana can birni.

Duk da haka ba ina kira a bar batun ba ne. Ina kira a shige shi da gaske, kuma a yi sauri, domin waɗanda suka ga zamanin ramukan Turawa da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu, su ma shekaru sun ja, ga shi rashin tsaro ya tarwatsa da yawa daga cikinsu zuwa Gusau da Anka da Gummi da sauran garuruwa. Dattijon da aka raba da ƙauyensu yana ɗauke da sunayen tuddai da rafuka da fadamu waɗanda ba su cikin kowace taswira, kuma jikokinsa da suka tashi a gudun hijira ba za su gaje su ba sai an rubuta. Wayar hannu ta isa a naɗi murya, abin da ake buƙata shi ne ladabi da haƙuri da sanin abin tambaya. A nemi izinin dattijo kafin a naɗa, a rubuta wuri da rana, a tambaye shi ko gani ya yi ko ji, idan ji ya yi daga bakin wa. A je wurin wani dattijon a wani gari a ji nasa, domin inda ruwayoyi biyu da ba su haɗu ba suka dace, nan ne ake fara samun abin dogaro.

Bayan baki sai takarda. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa, kuma mulkin mallaka ba ya barin a haƙi ma'adini ba lasisi, don haka mai bincike yana da dalilin neman sunayen masu lasisi da wuraren da aka ba su a cikin rahotannin razdan da na di'o. Hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, ta buga rahoto a 1957 a kan duwatsun sassan lardunan Neja da Zariya da Sakkwato tare da mayar da hankali kan inda zinare yake. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu. Idan aka ɗauki labarin wani rami daga bakin dattijo aka tarar da sunan wurin a cikin fayil, an samu tarihi. Idan ba a tarar ba, labarin bai zama banza ba, sai dai a rubuta shi a matsayinsa na abin da mutane suke faɗa, kada a sa masa rigar da ba tasa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi suna yaye ɗaliban tarihi da na Hausa kowace shekara, kuma kowannensu sai ya rubuta kundin kammala karatu. Ina roƙon malamansu su riƙa tura wasu kan wannan fage.

Akwai wani abu da nake so in jaddada, domin shi ne ya fi damuna a cikin labaran kansu. Kusan kullum gwarzon labarin shi ne Baturen da ya tafi da taswira, har ana kiransa da laƙabin da leburori suka sa masa, amma su leburorin da suka shiga ramin ba a ambaton ko ɗaya. Su wane ne su? Daga waɗanne garuruwa suka zo, nawa ake biyansu, me suke ci, waɗanne waƙoƙi suke yi a bakin aiki, su wa ƙasa ta rufta wa kuma ina aka binne su? Wace tunga ce ta samo asali daga barikin masu haƙa, kuma yaya hakimai da dagatai suka yi da baƙin da suka cika ƙasarsu? Sannan mata, waɗanda su ne masu dafa abinci a bariki a wancan zamani, su ne kuma suka daka dutse suka binne 'ya'yansu a namu zamanin, ba a taɓa zama an saurare su yadda ya kamata ba, kuma wannan aiki ne da marubuta mata za su fi kowa iyawa, tun da su ne za su shiga cikin gida a saki jiki da su. Waɗannan mutane su ne suka ɓata daga tarihinmu da gaske, kuma neman su ba ya jawo wa kowa hari.

Haka kuma bai kamata a fara lissafi daga zuwan Turawa ba. Ƙasar Hausa ta san zinare tun da daɗewa, ana auna shi da miskali, kuma fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda hanyarsu take ratsa ƙasar Yauri su ƙetare Neja, sukan dawo da zinaren ƙasar Asante. Tsofaffin maƙeran farfaru da iyalan madugai da masu riƙe da takardun ajami a gidajen malamai suna da abin faɗa a kan yadda wannan zinare yake shiga hannun mutane, da yadda ake gane na ƙwarai, da inda aka fara wanke shi a rafukanmu. Wanda ya haɗa wannan da abin da ya faru a 2020, lokacin da aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da curin zinare mai nauyin kilo 12.5 a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na ƙananan masu haƙa, wanda Kebbi take cikin jihohin da aka fara gwada shi, zai ba mu tarihi mai tsawo wanda zai amfani masu tsara manufofi, ba masu neman abin hira kaɗai ba.

Ga marubutan ƙagaggun labarai kuwa, ba na ganin laifi su gina labari a kan ɓataccen rami, domin jigo ne mai jan hankali kuma namu ne. Roƙona shi ne su ƙagi sunan gari da sunan dutse, kuma su faɗi gaskiya game da rayuwar rami: duhu da zafi da ƙarancin iska, bashin da ake ci wurin mai ɗaukar nauyi kafin a samu komai, zaibar da ake murzawa da hannu ana ƙonawa ana shaƙar hayaƙinta, da gonar da aka bari ba shuka. Labarin da zai nuna yaro ya shiga daji ya fito attajiri cikin dare ɗaya, a jihar da yara suke barin makaranta suna tafiya ramuka, ba ƙaramin alhaki ba ne a wuyan mai shi.

Ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta ware shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, domin ruwayoyin da aka tattaro ta wannan hanya, bisa sharaɗin cewa kowane marubuci zai bayyana abin da ya ji daga baki da abin da ya gani a takarda, kuma za a sakaya sunan duk ƙauyen da ambatonsa zai iya jefa mutanensa cikin haɗari. Ina kuma roƙon masarautun Anka da Bukkuyum da Maru da Yauri da Zuru su sauƙaƙa wa ɗalibai hanyar ganin dattawa, hukumomin raya al'adu na jihohin biyu kuma su tanadi wurin ajiye muryoyin da aka naɗa, domin kada su salwanta tare da wayoyin da aka naɗe su a ciki.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Gusau, Jihar Zamfara.